Sienna ta ƙi shiga giya ta huɗu, bakanike ya ce a sauke giyabos

Abdul Mai Sienna: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masana mota ku taimaka min da shawara. Sienna gare ni ƙirar 2002 mai giya otomatik, ina lodin fasinja da ita daga Birnin Kebbi zuwa Yauri, wani lokaci har Kontagora. Kwanan nan ta tsiro da wani hali, in na tashi tana canza giya lafiya lau, ta ɗaya ta biyu ta uku, amma ta huɗun nan ko kusa ba ta shiga, in na miƙe hanya bayan Jega na kai gudun 100 sai ka ji injin na ta kuka allura ta haye 3000 alhali da can ko 2500 ba ta kaiwa, ga shan mai, ɗan abin da na samu duk a gidan mai yake ƙarewa. Ƙarfinta ma ya ragu, in zan wuce tirela sai na yi ta salati. Na kai ta gareji bakanike ya zaga da ita ya dawo ya ce giya ta mutu, a sauke a ɗora 'yar Beljiyam, kuɗin da ya kira sai da na nemi wurin zama. Kafin in taɓa shinkafar da na noma bana na ce bari in tambaya nan tukuna.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Kafin manya su iso, ka duba ɗan maɓallin nan na jikin sandar giya wanda aka rubuta O/D. In ka ga O/D OFF ya kama a dashbod to kai ka hana ta da hannunka. Akwai wani a tasharmu yaron motarsa ya danne shi wajen goge mota, saura kaɗan ya karyar da motar arha 😂

Abdul Mai Sienna: Na duba wannan tun farko Baban Ummi. In na danna fitilar ta kama, in na sake dannawa ta mutu, ba abin da ya canza.

Oga Na Gwandu: Abdul ɗana, wagga magana ba ta da tsawo. Mota wadda anka yi don mutum bakwai kun sa goma, ga buhuhuwa baya ga zahin Kabi, faibar giya ta huɗu, wato faifan kuloci na cikin giya, ita aka fara ƙonewa. Mun sha ganin haka. Abin da bakanikenka yag gaya ma gaskiya na, ka aika Panteka ko Ƙofar Ruwa a samo ma giya mai kyau a ɗora ka huta. Kuma ina ja ma kunne, kak ka bari kowa ya canza mata man giya, tsohon man nan shi ar riƙe da ita, ranar da anka zuba sabo ranar za ta zauna ƙasa.

Ɗan Aliero: Ni dai solonoid nake zargi, ɗan bawul ɗin lantarkin nan da ke buɗe wa man giya hanya. Tawa ta taɓa yin rikicin giya ina ɗauke da albasa, solonoid aka canza ta warware.

Injiniya Rewaya Jega: Oga Allah ya ƙara girma, kun riga mu shiga sana'a amma ni ban yarda a sauke giyar nan ba tukuna. Malam Abdul amsa min waɗannan. In ka murɗa makulli kafin ka tada injin, fitilar cek injin tana kamawa tare da sauran fitilu? Tun da abin ya fara an taɓa cire kan batir, in an cire me ka lura bayan nan? In tana canzawa daga biyu zuwa uku allurar tana tsalle sama ita kaɗai kafin giyar ta kama, ko tana kamawa cak? Sannan allurar zafi ina take tsayawa in kana kan hanya?

Abdul Mai Sienna: Cek injin ban taɓa ganin ta kama ba tun da aka kawo min motar daga Kwatano, ko an murɗa makulli ba ta kamawa, ni murna ma nake ina cewa motata ba ta da laifi. Maganar batir kuwa Injiniya kamar kana wurin, satin da ya wuce aka cire kan batir aka wanke saboda ya yi gishiri, ina fitowa sai ga giya ta huɗu ta shiga sumul har na fara godiya ga Allah, ban kai Kalgo ba na taka totur zan wuce wata mota sai ta sauko uku, daga nan ba ta sake komawa ba. Ba ta tsalle, kamawa take cak. Allurar zafi a tsakiya take.

Injiniya Rewaya Jega: Madalla, ka gama min rabin aiki. Oga ku duba nan, faibar da ta ƙone ba ta warkewa don an cire kan batir. Abin da cire batir yake yi shi ne goge laifin da birenbos, wato kwamfutar motar, ya riƙe a kansa, to in goge laifi ya dawo da giya ta huɗu ma'ana giyar lafiyarta ƙalau, hana ta aka yi. Giyar otomatik irin wannan 'yar aike ce, birenbos ne maigida, shi ke cewa shiga ko kada ki shiga, kuma akwai laifuffukan injin da in ya gan su zai ƙi ba da ta huɗu don ya kare injin. Faibar da ta cinye kuwa alamarta daban, za ka ji giyar ta yi yunƙurin shiga injin ya yi ihu motar ba ta ƙara gudu ba, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Fitilar cek da ba ta kamawa kuma ba lafiya ba ce Malam Abdul, ko ƙwan ya mutu ko an cire shi ko an liƙe da baƙin salatif kafin a sayar ma, dole ne ta kama in an murɗa makulli sannan ta mutu in injin ya tashi. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da sokat mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, taka ma a Kentaki aka haɗa ta, je ka a sa mata kwamfuta ka kawo mana lambar da ta fito. Lambar kanta nake so, ba fassarar mai kwamfutar ba.

Ɗan Aliero: To ai solonoid ɗin ma birenbos ke ba shi wuta, ina bambancin?

Injiniya Rewaya Jega: Tambaya mai kyau Alhaji. A giyar Toyota mai hawa huɗu ta wancan zamanin solonoid biyu ne ke rabon giya. Ta ɗaya, na farko ne kaɗai da wuta. Ta biyu, duka biyun da wuta. Ta uku, na biyu kaɗai. Ta huɗu kuwa duka a kashe suke. Ka ga kenan in solonoid ne suka ƙone ko wayarsu ta tsinke ba ta huɗu za ka rasa ba, a cikinta ma za ka maƙale, motar ta riƙa tashi da nauyi kamar an ɗaure ta. Tasa kuma ɗaya biyu uku duk suna shiga kan lokaci, ma'ana duka biyun suna buɗewa suna rufewa. In ma ana son tabbatarwa mita ake sawa, mai lafiya yana ba da om 11 zuwa 15, ba sai an saya an gwada ba.

Oga Na Gwandu: Ku yaran zamani komi kwamfuta. Mu da kunne munka koyi aiki, kuma motocin da munka gyara suna bisa hanya har yau.

Baban Ummi: Oga kunnen ne ya ce a sauke giyabos ai 😂 a yi haƙuri

Admin: Baban Ummi a kiyaye harshe, Oga uba ne a nan.

Malam Shehu Argungu: Ni ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne, amma ina da abin cewa don na ga irinsa a motar yayana. Lokacin hunturu in ya fito da asuba motar ba ta shiga giyar ƙarshe sai rana ta ɗaga, ashe an cire mata tamostat, abin nan da ke tare ruwan lagireto har injin ya yi zafi, an haɗa fanka dairek, injin ba ya ɗumi. Aka mayar da tamostat magana ta ƙare. Ko nasa ma hakan ne?

Injiniya Rewaya Jega: Malam abin da ka faɗa gaskiya ne kuma shi ya sa na tambaye shi allurar zafi. Birenbos ba ya sakin giya ta huɗu sai ruwan lagireto ya kai wajen digiri 60, tamostat ɗin injin nan kuma sai wajen 82 yake buɗewa, to in an cire shi ruwa na ta zagayawa tun daga tashi, ga fanka na ta bugawa ga iskar hunturu a hanya, injin sai ya yini bai kai zafin aikinsa ba. Amma shi allurarsa tana tsakiya, kuma yanzu ba sanyi ake ba, shi ya sa na ajiye wannan gefe. Akwai abin da nake zargi amma bari lamba ta zo kada in yi riga malam masallaci.

Oga Na Gwandu: Tamostat don ƙasar Turawa anka yi shi inda ƙanƙara ka zuba. Nan da zahi ka wuce 40 watan Afrilu mi za ka yi da shi? Ni duk motar da taz zo hannuna ina hidda shi, ban son obahitin.

Malam Shehu Argungu: Oga da girmanka, digiri 40 na gari ai ko rabin 82 da injin ke nema bai kai ba. Kuma ƙasashen Larabawa sun fi mu zafi, da tamostat ɗinsu suke yawo.

Injiniya Rewaya Jega: Motar da ke obahitin da tamostat mai lafiya akwai abin da ke damunta, ko lagireto ya toshe da ruwan rijiya ko fanka ko famfon ruwa ko gaskit. Cire tamostat ɓoye ciwon yake. Kuma ku tuna man giya ta cikin lagireton nan yake bi ya huce, duk abin da ya taɓa lagireto ya taɓa giya.

Maman Sadik: Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar. Sienna 2005 ce ta kai yara makaranta, yaron gareji ya ce zai ƙara mata man giya ya kawo wani ja a galan an rubuta Dexron III, na ce ya dakata in tambaya. Daidai ne?

Injiniya Rewaya Jega: Hajiya kin yi dabara da kika dakatar da shi. Taki ba irin ta Malam Abdul ba ce duk da suna ɗaya. Daga 1998 zuwa 2003 giya huɗu ce, Dexron III take sha. Daga 2004 aka koma giya biyar, taki Toyota T-IV take so, daga 2007 kuma WS. Ba sai kin yarda da ni ba, ki sa a zaro gejin man giyar ki karanta abin da aka rubuta a jikinsa ko ki duba littafin motar. Ja ɗin duk ja ne a ido amma santsinsu ba ɗaya ba, in aka zuba wanda ba nata ba sai ta fara fizga ko rawa wajen canji. Kuma don Allah jama'a in kun je shago kada ku ce a ba ku man giya kawai, wani zai miƙo muku mai kaurin nan lamba 90 ko 140 na giyar hannu da aksil, wannan in ya shiga otomatik sai dai a yi ta'aziyya. Ku ce ATF, wato man giyar otomatik, ku faɗi irinsa, ku duba hatimin galan don jabu ya yi yawa.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai Injiniya, Allah ya saka. T-IV aka rubuta, yanzu na sa aka duba.

Abdul Mai Sienna: Ni ma na zaro nawa da safe kafin in tada mota, ya wuce alamar sama sosai, ko yawa ya yi?

Baban Ummi: Ba haka ake dubawa ba mutumina, wannan na baƙin mai ne

Injiniya Rewaya Jega: Gaskiyar Baban Ummi. Na giya sai injin yana aiki. Ka ɗan zaga da ita ta yi zafi, ka tsaya wuri mai daidai ba gangare ba, ka taka birki ka bi da sandar kowane gurbi tun daga P har L kana ɗan tsayawa, ka dawo P, injin na kunne ka zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa, ya kasance tsakanin alamun HOT. In injin a kashe yake man da ya kamata ya kasance cikin kwanbata (tulun nan da ke haɗa injin da giya) da hanyoyi ya gangaro ƙasa shi ya sa ka ga ya haura. Ka ɗiga shi kan farar takarda ka gaya mana launi, ka kuma shinshina. Ja ko ruwan goro ba damuwa, baƙi mai warin ƙuna matsala, in kuma ya yi kamar an zuba madara to ruwa ya shiga ta lagireto, a nan kada ka ƙara ko tafiya ɗaya.

Abdul Mai Sienna: Na yi yadda ka ce. Yana daidai kan HOT, launinsa ya yi duhu kamar shayi mai kauri amma ba ya warin ƙuna. Kuma na je an sa kwamfuta, lamba ɗaya ce ta fito P0330. Mai kwamfutar ya ce wannan ba ruwansa da giya, na injin ne, in rabu da shi in je in gyara giyata. Kaina ya ɗaure wallahi.

Injiniya Rewaya Jega: Alhamdulillah, abin da nake zargi kenan. Mai kwamfutar ya karanta daidai ya fassara ba daidai ba. P0330 nok sansa ne na layi na biyu, ɗan uwansa na layi na farko P0325. Injinka V6 ne mai lita 3, wanda ake kira 1MZ, silinda uku gaba uku baya, kowane layi da sansarsa. Aikinsa sauraro, in fetur ya fara fashewa kafin lokaci a cikin silinda yana ƙwanƙwasar fistin, irin ƙarar nan ƙyar ƙyar da kake ji in mota na hawa tudu da mai marar kyau, sansar zai ji ya gaya wa birenbos ya ja lokacin tartsatsin fulogi baya kaɗan. To in birenbos ya daina jin sansar gaba ɗaya sai ya ɗauka mafi muni, ya ja tartsatsin baya iya iyaka, shi ne ƙarfin da ka ce ya ragu da shan man, sannan ya rufe giya ta huɗu don a cikinta ne injin ke juyi a hankali da kaya a kansa, inda ƙwanƙwasar ta fi faruwa. Sanannen hali ne a injin nan, har Lexus RX300 mai irinsa haka take yi. Kuma ba ya gane laifin sai injin ya haura juyi 2000, shi ya sa bayan cire batir ka samu ta huɗu kana lallaɓawa, kana taka totur ya gano ya rufe. Allurar da ka ga ta haye kuma lissafi ne, ta uku ɗaya da ɗaya take, ta huɗu wajen 0.73, dole juyin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku a gudu ɗaya.

Ɗan Aliero: Ikon Allah. Wato da an sauke giya an ɗora wata haka za ta ci gaba da yi?

Injiniya Rewaya Jega: Ko sabuwa dal daga kamfani aka ɗora. Sai a ce ma 'yar Beljiyam ɗin ce ba ta da kyau a mayar a karɓo wata, a yi ta yawo tsakanin Kaduna da Kebbi.

Oga Na Gwandu: To na ji, amma a gyara mu gani tukuna. Kuma shi wanga sansa ba nan kusa yake ba, can cikin kwarin injin yake ƙarƙashin manifol, wato bututun da ka kai ma injin iska, sai an kwance sama da ƙasa an zubda ruwa. Aikin yini guda na. Wanda bai iya ba ya ɓata ma gaskit ruwa ya dinga bi.

Injiniya Rewaya Jega: A nan kam Oga ku ne malamai, aikin hannunku ne ba na rewaya ba. Abin da zan ƙara, sau da yawa ba sansar ce ke mutuwa ba, 'yar gajeriyar wayar da ta haɗa su biyun ce, zafin kwarin nan ke gasa ta har ta bushe ta karye, ko ɓera ya shiga ya ci, musamman ku masu ɗaukar shinkafa da masara kuna kwana da mota kusa da rumbu. Kafin a kwance komai a je sokat ɗin da wayar ta fito a musanya layin biyun, a goge lamba a zaga. In ta koma P0325 laifin na ciki ne, sansa ko gajeriyar waya. In ta tsaya P0330 to tsakanin sokat da birenbos ne, ba sai an taɓa manifol ba.

Sani Kamba: Ku tsaya ku ji hanya mai sauƙi. A bayan birenbos ake yanke wayar sansar da ta mutu a haɗa ta da ta mai rai, sansa ɗaya ya riƙa ba da rahoto wa duka biyun. Minti kaɗan, cek ya mutu giya ta dawo. Mu nan bakin boda haka ake yi kuma motoci na tafiya.

Baban Ummi: Wannan ita ce shawarar talaka, Sani Allah ya biya ka

Injiniya Rewaya Jega: Yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba, ni ma na taɓa yi wa wanda dare ya yi masa a hanya. Amma ka san abin da ka saya, silinda uku sun koma ba mai sauraronsu na kusa, kuma fetur ɗin da muke sha a jarka bakin hanya kowa ya san halinsa. Mai zuwa ofis ya dawo shi kaɗai a mota wataƙila ya shekara bai ga komai ba. Mai lodi cikin zafin rana zuwa Yauri, ni ba zan ba shi wannan a matsayin gyara ba. Kuma wayar da ta gasu a gefe ɗaya 'yar uwarta ma tana hanya.

Sani Kamba: Injiniya kai dai kana son a kashe kuɗi. Mutum ya ce ma shinkafarsa zai sayar.

Malam Shehu Argungu: Sani ai an riga an cece shi daga kuɗin giyabos, sansa da waya ko kusa ba su kai nan ba. Gara ya yi mai ɗorewa.

Oga Na Gwandu: In za a buɗe a buɗe sau guda. A sa sansa biyu duka, a sa sabuwar waya, sabon gaskit, kuma akwai wani ɗan tiyon ruwa da ka bi ta cikin kwarin nan shi ma a canza shi tunda an ishe shi, in ya hwashe baya sai an sake wanga aiki dut. Kuma kak ka sawo sansan kwali mai arha, ka nemi na asali ko wanda anka ciro ga injin Beljiyam. Na ga wanda anka sa ma sabo na arha bai yi sati ba lambar tad dawo. Araha ba ta ado.

Injiniya Rewaya Jega: Wannan magana ta Oga a rubuta ta. Kuma a gyara ƙwan cek ɗin nan a dashbod.

Abdul Mai Sienna: Jama'a ga rahoto. An yi gwajin musanya waya lamba ta koma P0325, aka buɗe. Wayar muna taɓa ta ta ruguje a hannu, ga kashin ɓera da ɓawon gyaɗa cike da wurin. An sa sansa biyu na Beljiyam da waya da tiyo kamar yadda Oga ya ce, ƙwan cek kuwa babu shi ma sam a gurbinsa, an sa wani. Na je Koko na dawo da fasinja, ta huɗu na shiga tun kafin in ankara, allura ta koma inda na san ta, ƙarfi ya dawo. Allah ya saka wa kowa. Saura abu ɗaya, da safe in na sa ribas tana ɗan jinkiri kafin ta kama sannan ta kama da ɗan duka, in ta yi zafi ba ta yi. In canza man ko in bar shi yadda Oga ya ce?

Oga Na Gwandu: Barka. Amma mai dai kak ka taɓa, ina nan kan bakana.

Maman Sadik: Ni ma an sha gaya min haka, wai sabon mai na kashe giya. Gaskiya ne ko camfi?

Injiniya Rewaya Jega: Akwai inda maganar ta samo asali Hajiya. Yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ta fara sulɓewa, lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo cikin tsohon man shi ke ɗan ba ta kamu, ana zuba sabo sai ta saki, a ce mai ne ya kashe ta alhali da ma gawa ce. Ta Malam Abdul ba ta sulɓewa, man bai ƙone ba, tsufa kawai ya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa inji a tura mai da ƙarfi a wanke ta, ko a zuba fetur ko kananzir wai ana wanki. A kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye, a auna abin da ya fito a mayar da daidai shi na Dexron III, wani kaso ne kawai ke fita sauran na cikin kwanbata, a yi 'yan makonni ana aiki a sake. A karon farko a sauke farantin ƙasan a duba maganaɗisun da ke ciki, baƙin laushi kamar kwalli ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba shi ne labari marar daɗi. A wanke ko a canza filta, a sa gaskit, ban da lafta gam da yawa don yana ɓallewa ya toshe hanyar mai. Jinkirin kuma ka auna shi in ta yi zafi, ƙa'idar Toyota daga N zuwa D kada ya kai daƙiƙa 1.2, zuwa R kada ya kai 1.5. Dukan kuma ka sa a duba kebul ɗin da ya tashi daga totur ya shiga giya, shi ke saita ƙarfin matsin mai, tunda an kwance manifol ba mamaki an ja shi ya yi tsauri, sannan a duba robobin da injin ke zaune a kai.

Oga Na Gwandu: Kebul ɗin nan kam na yarda, yara na mance shi in sun ɗaure. Mai kuwa in ya zuba tak kwanta ku kira ni in kawo igiya.

Injiniya Rewaya Jega: In ma ta kwanta Oga ba igiya ba, otomatik ba a jan ta nesa da tayun gaba a ƙasa, famfon mai ba ya juyawa in injin a kashe yake, sai a ɗora ta a mota.

Abdul Mai Sienna: To zan fara da kebul ɗin gobe in Allah ya kai mu, in sauke faranti ranar da ba ni da lodi in turo muku hoton maganaɗisun kafin a zuba komai.

Sani Kamba: Ka sa tarkon ɓera a garejinka kuma, ka daina barin gyaɗa a mota.

Ɗan Aliero: Injiniya ina shagonka yake a Jega? Tawa ma fitilar cek ba ta kamawa in na murɗa makulli.

Injiniya Rewaya Jega: Yi min magana ta gefe Alhaji, Admin ya hana talla a nan.